Wai kududdufi ma hidima yake mana?

Ɗan Kwarbai: Assalamu alaikum jama'a. Yau kam ba zan iya yin shiru ba. Ruwan daren jiya har zaure ya shigo mana, buhun masara biyu sun jiƙe sharkaf, tabarmi na yawo a kan ruwa. Shekara 40 ina gidan nan ban taɓa ganin haka ba. Kududdufin bayan gidanmu, wanda kakanni suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini, shi ke shanye ruwan unguwa duk damina. An cike shi da shara, an yanka filoti, an jera shaguna. Rimin da ke bakinsa ma an sare. To ruwan ina zai je? Kududdufin nan hidima yake mana, ko kwabo ba mu taɓa biyan sa ba.

Malamin Zaure: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Amma gyara kalmarka ɗan'uwa. Hidima mai niyya ke yin ta, rami kuwa ba shi da niyya. Ni'ima ce, ka ce ni'ima.

'Yar Samaru: Allah gafarta Malam, babu wanda ya musa ni'ima ce. Amma kalmar ba shi ya ƙago ta ba, masu nazarin muhalli haka suke kiran abin. A 2005 an fitar da wani babban rahoto ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, masana sama da 1,300 suka yi aikinsa, kuma tare ambaliya yana cikin hidimomin da suka lissafa, tare da abinci da ruwan sha da itace. Ku duba jemagen da yara ke harbi da danƙo. Shi ne cikin dare yake bin furen ɗorawa yana shan zaƙinsa, garin furen ya manne a gashinsa, ya kai wa wata ɗorawar. Idan ya ragu kalwa ta ragu, daddawa ta yi tsada. Rimi da kuka ma shi ke yi musu wannan aikin.

Malamin Zaure: 'Yata, shi ma jemagen hore shi aka yi. Idan kika ce hidimarsa ce, gobe yaro ya tashi yana gode wa jemage ya manta da wanda ya halicce shi. Abin da nake tsoro ke nan.

'Yar Samaru: Malam, ai muna cewa jaki ya yi mana aiki, ba wanda ya ce mun yi shirka.

Direban Sabon Gari: Ke, da Malam kike magana fa. Ku 'yan jami'a komai sai kun jawo rahoton Turawa.

Ɗalibin Kongo: Ba raini ba ne Yaya, ilimi ne. A 1997 wasu masana sun ƙiyasta abin da halittu ke yi wa ɗan Adam a shekara, ya kai dala tiriliyan 33.

Direban Sabon Gari: Kun ji ko? Har sun sa masa farashi. Duk abin da aka kira hidima, wata rana sai an kawo maka takardar biya. Yau kududdufi, gobe inuwar bishiya a tasha. Ni ina bayan Malam.

Mai Shago: Ana ta yabon kududdufi kamar Zamzam. Ku tambayi matan unguwar sauro nawa yake haifa, yara nawa zazzaɓi ya kwantar. Ga wari da rani, ga fargabar yaro ya faɗa. Shagunan nan mutane suke ci da iyalansu.

Ɗan Kwarbai: Ko dai ɗaya daga ciki naka ne?

Mai Shago: Na ƙanena ne, kuma da takardarsa.

Ɗan Kwarbai: Shi ya sa. Ku da kuka zo jiya ba ku san abin da ramin nan ya yi wa unguwa ba. Sharar da kuka zuba ce ta sa shi wari.

Mai Shago: Wa ya zo jiya? Kakana a cikin ganuwa aka binne shi. Janye maganarka.

Manomin Galma: Jama'a a yi haƙuri. Ni ban san ko hidima ko ni'ima ba, gawo na sani. Yana kakkaɓe ganyensa da damina, dawar da ke ƙarƙashinsa ta sha rana ta ci taki, ta fi ta gefe tsayi da kauri. Da rani akuya ta ci 'ya'yansa. Uku suka rage a gonata, na hana masu gawayi taɓa su.

Direban Sabon Gari: Baba kai kana da gona. Mu da gas ya fi ƙarfinmu, da me za mu dafa in ba gawayi ba?

Mai Shago: Har yanzu ina jiran ya janye.

Shugaban Zaure: To a tsaya haka. Na bi maganar tun daga farko, kuma a ganina Malam ya warware ta tun a amsarsa ta farko: ni'ima ce, kalmar hidima ba ta dace da abin da ba shi da niyya ba, kuma mafi yawanmu a kan haka muke. Ƙanwarmu ta Samaru ta kawo bayanai, mun gode, amma a riƙa sassauta harshe gaban malamai. Maganar wa ya zo jiya kuma ba na son sake ganin ta a nan.

Ɗan Kwarbai: Na janye, Allah ya huci zuciyarka. Amma hadari ya sake haɗowa ta gabas. Duk mai buhunan siminti da ba ya amfani da su ya taimaka mana, za mu cika da yashi mu tare bakin zaure kafin magariba.