Don Allah ku ba ni shawara: in ci gaba da neman takardar Huawei ko in karɓi shago?

Mai neman shawara: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Kaina ya kulle, barci ma ba na samu sosai. Na yi HND a fannin lantarki, na daɗe ina aiki da wani ƙaramin kamfanin kwangila da ke ɗaura eriya da rediyo a kan turakun sadarwa. Mu ne masu hawa sama, mu ɗaure kaya, mu ja wayar faiba zuwa akwatin ƙasa, sannan wani injiniya ya zo da kwamfutarsa ya haɗa komai cikin awa guda, kuma abin da yake samu ya fi namu nesa ba kusa ba. Albashinmu sai an ja mana rai kafin ya fito. Matata tana da juna biyu, mai gida ya ƙara kuɗin haya, ƙanena biyu suna makaranta a wuyana tun rasuwar mahaifinmu, ga Hajiyarmu da ciwon ƙafa. Da aka raba gado na sayar da kasona na gona, niyyata in biya kuɗin kwas da jarrabawar HCIA, wato takardar shaidar ƙwarewa ta matakin farko ta Huawei, kamfanin China mai ƙera kayan sadarwa, in sauko daga sama in koma wajen kwamfuta. Sai kawuna ya ce Amurka ta riga ta karya kamfanin, in zo ya ba ni gurbi a shagonsa na Farm Centre a Kano. Wani abokin aiki kuma ya ce in dai zan koya to kayan Ericsson, abokin gogayyar Huawei, zan nema. Yaya zan yi?

Baban Ilham: Wa alaikumus salam. Ba ka faɗi nawa ne a hannunka ba, ba ka kuma faɗi ko shagon haɗin gwiwa ne ko yaron shago za ka zama ba.

Tsohon Injiniya: Ƙanena, da girmamawa ga kawunka, labarin rabi ya ji. A watan Mayun 2019 Amurka ta saka Huawei a jerin kamfanonin da ba a sayar musu da fasaharta sai da izini, a 2020 kuma Birtaniya ta ce a cire kayansu daga 5G ɗinta kafin ƙarshen 2027. Wannan gaskiya ne. Amma ɓangaren wayar hannu ne ya fi shan bugu, shi ya sa sababbin wayoyinsu ba sa zuwa da manhajojin Google. A kayan turaku da na cibiyar sadarwa har gobe su ne kan gaba a duniya, sai Ericsson na Suwidin, Nokia na Finlan da ZTE. Kamfanin da Ren Zhengfei ya kafa a Shenzhen a 1987, ya shigo Najeriya tun 1999, kafin ma a fara GSM a 2001, ba zai tattara kayansa gobe ba. Buɗe akwatunan da kake aiki a kansu ka duba tambarin da ke jiki. Ka biya kuɗin nan, kada ka tsaya sauraron kowa.

Ɗan Kurna: Yallabai Injiniya, takarda ba ita ce aiki ba. Ina da takardu har biyu a cikin jaka, yau POS nake yi a bakin titi. Wanda na yi wa aiki na ƙarshe ya riƙe mini haƙƙina, na yi ta sintiri ofishinsa har na gaji na bar shi da Allah. Idan ba ka da wanda zai kama hannunka, a banza.

Mai neman shawara: Allah ya saka maka ɗan'uwa, amma lamarina daban ne. Ni ina cikin aikin, na san kayan da hannuna, takardar ce kawai ta rage.

Hajiya Maman Sadik: Ɗana, ka ji tsoron Allah ka dubi matarka. Mai ciki tana gida kai kana lilo a saman ƙarfe. Ɗan maƙwabciyata wannan aikin yake yi, duk ranar da aka tura su ƙauyukan Zamfara uwarsa ba ta iya cin abinci. Kawu uba ne, ya miƙo maka hannu, ka karɓa. Mu kuma a unguwarmu sabis sai an fita tsakar gida, ga kuɗin kira da data an ƙara tun farkon 2025, ku masu ɗaura kayan nan me kuke ɗaurawa ne?

Tsohon Injiniya: Hajiya, saukar da shi daga saman ƙarfen ai ita ce manufar kwas ɗin. Batun Ericsson kuwa, abokin naka ya dogara ne da cewa da kayan Ericsson MTN ta ƙaddamar da 5G a 2022. To amma ka'idojin 4G da 5G iri ɗaya ne ga kowa, ƙungiyar 3GPP ce ke tsara su. Manhajar sarrafawa da umarnin da ake bugawa ne suka bambanta. Wanda ya iya ɗaya zai kama ɗayan. Fa'idar Huawei ita ce tsanin takardunsu a fili yake, daga HCIA zuwa HCIP zuwa HCIE, kuma suna da cibiyoyin koyarwa a jami'o'inmu, har da ABU Zariya. Na gama magana.

Mai Sola: Ni ban yarda ba. Yawancin turakun nan ba na masu layi ba ne, ba na masu ƙera kayan ba ne, na irin su IHS da ATC ne, kuma abin da ke cin kuɗinsu wuta ce: dizal, janareta, batir da ɓarayi ke kwashewa. Kai mai HND a lantarki, ka koyi haɗa sola da batirin lithium. Ko sadarwa ta ƙi, gidaje da asibitoci na nemanka. Ka sani kuma jarrabawar da dala ake biya, takardar kuma shekara 3 take yi sai an sabunta.

Mai neman shawara: Sola ai kowa ya shiga yanzu, har wanda bai san waya mai wuta da marar wuta ba. Ban sayar da gonar mahaifina don in bi sahun kowa ba. Hajiya na gode, amma kawuna mutum ne mai zafi, ba zan iya zama ƙarƙashinsa ba.

Baban Ilham: To ai ka riga ka yanke hukunci. Har yanzu ba ka ce nawa ne kuɗin ba, kuma idan ka faɗi jarrabawar, da me za a yi suna?

Tsohon Injiniya: Ba zai faɗi ba. Ya nemi HCIA ta Datacom tukuna, wato ɓangaren haɗa cibiyoyin kwamfuta, ya iya IP, tsarin tura bayanai a intanet, da kyau, sannan ya shiga ɓangaren rediyo.

Mai Sola: Ɗazu kan 5G kake kafa hujja, yanzu ka koma Datacom. Wanne zai ɗauka?

Mai neman shawara: Ni na 5G nake so, shi na sa a raina tun farko. Kawu ya ba ni zuwa Juma'a in ba shi amsa. Akwai wanda ya taɓa rubuta jarrabawar a Kano, ko sai an je Abuja?