Hangen Dala ba shiga birni ba

Mai Zane Tawa: Salamu alaikum. Jiya muka yi cacar baki da maigidana. Na gama zanen wani gida a AutoCAD, manhajar zane ta kwamfuta, layin bango kauri milimita 0.50, layukan awo 0.18, inuwar ɗakuna na yi ta shara-shara kashi 60. A allo, ma sha Allah. Da muka bugo shi a takarda A1, inuwar ta fito baƙi ƙirin, ta haɗiye awon duka. Sai ya ce, "Hangen Dala ba shiga birni ba." Zagi ne ko nasiha?

Ɗan Yamai: Zagi ne da rawani. Amma laifinka ne, shara-shara a kashe take zuwa wajen bugawa, sai ka kunna ta da hannunka. Ka duba CTB ma, fayil ɗin da ke tsara yadda kowane launi zai fito a takarda. In ya ɗora wa launi nasa kaurin, wanda ka sa a kalk, wato rukunin layukan zanen, ya tashi a banza.

Bawan Allah: Wace dalar ma? Ni tun ina yaro na ɗauka dala ta kuɗi ce, ka hango ta a hannun wani.

Malam Na Konni: Dutsen Kano ne, kai! Kuma ba zagi ba ne, cewa ake kar ka saki jiki.

Hajiyar Adar: Kakata, Allah ya jiƙanta, ta bi ayari zuwa Kano tana budurwa, a ƙafa. Ta ce ranar da suka hango dutsen, wata ƙanwar babanta ta rangaɗa guɗa ta zubar da sauran ruwan gorarta, wai an iso. Suka yi ta tafiya, jaki ya kwanta ya ƙi tashi, rana ta faɗi, suka tarar an rufe ƙofa. A bayan ganuwa suka kwana da ƙishi. Har ta rasu, in ka ce "na kusa gamawa" sai ta ce, "Riƙe ruwanka, ɗan nan."

Ɗan Yamai: Allah ya kai haske kabarinta. To masu nuna mana zanen titi lokacin zaɓe fa? Nasu shara-shara kashi 90 ne, ko a allo da ƙyar.

Bawan Allah: Su ko Dalar ba su hango ba, tamu dalar suka hango.

Malam Na Konni: Ku bar siyasa. Hajiya, jakin ya tashi?

Mai Zane Tawa: Na kunna shara-sharar, injin bugawar ya yi ta nauyi kafin ya fitar, amma ya fito. Maigida ya ce kuɗin takardar farko daga albashina.