Gwajin jini na alaji: wanne ya kamata a yi?

Baban Amira:
Assalamu alaikum. Mai fama da atishawa, yoyon hanci da ƙaiƙayin ido, a lab an ce masa gwajin kala uku ne: jimillar IgE, IgE na abu ɗaya-ɗaya, da na tsiri, wato takardar gwaji mai haɗa abubuwa da yawa. Wanne ya fi?

Ma'aikacin Lab:
Wa'alaikumussalam Malam. IgE furotin ne na garkuwar jiki da ke cikin jini, wanda ke da hannu a alaji. Jimillar IgE ba ta faɗin abin da ke tayar da ciwon. Tsutsar ciki kaɗai tana ɗaga ta sosai, kuma ko ta fito daidai ba ta kore alaji ba.

Na abu ɗaya-ɗaya ake so, a na'urar ImmunoCAP ko Immulite. Sakamakon yana zuwa da ma'aunin kU/L, bisa al'ada daga 0.35 ake cewa an ga IgE na abin da aka gwada. Ana ɗibar jinin ko mutum ya ci abinci. Magungunan alaji irin su cetirizine da loratadine ba sa ɓata shi, saɓanin gwajin fata da sai an ajiye su kusan mako guda. In za a maimaita, a koma na'ura iri ɗaya, don lambobin kamfanonin biyu ba sa zuwa daidai da juna.

Likitar Hanci:
Na ƙara da wannan, Malam. Kafin a biya kuɗi, a duba jerin abin da ke kan tsirin. Da yawa don Turai aka haɗa su, za ka ga garin furen bishiyar birch, wadda ba ta fitowa a nan, amma babu Blomia tropicalis, ƙwaron ƙurar ɗaki na ƙasashe masu zafi. Gara likita ya zaɓi kaɗan bisa alamomi: ƙwarin ƙura, kyankyaso, fumfuna, kyanwa, ciyawa.

Kuma ganin IgE ba shi ne ciwo ba. Furotin tropomyosin yana jikin ƙwaron ƙura da kyankyaso da jatan lande da tsutsar ciki ta Ascaris, don haka ɗaya kan sa sauran su fito. Wanda gwaji ya nuna masa kyanwa amma yana ɗaukarta lafiya ƙalau, ba shi da alajin kyanwa. Girman lamba ma ba ya auna tsananin ciwo.

In kuwa a hunturu kaɗai abin ke tashi, gwajin na iya fitowa babu komai, domin hazo fusata hanci yake yi kai tsaye, ba ta hanyar IgE ba.

Malam Mai Kemis:
In aka tallata masa gwajin IgG, wani furotin garkuwar jiki daban da IgE, kada ya biya. Ba ya gano alaji.