Gidan kallona na 'yan Man U ne, a kakar 2025/26 kuwa babu su a Turai: in ƙara talabijin ko in haɗa sola?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nika nema ga waɗanda sunka taɓa riƙe gidan kallon ƙwallo. Ina da rumfa nan Mabera cikin Sakkwato, benci goma sha biyu, talabijin guda mai inci 55, dikoda guda da ƙaramin janareta. Tun da na buɗe 'yan Man U sunka mamaye wurin, har ana ce mashi Old Trafford. To kun ga yadda kakar bara, 2024/25, ta ƙare masu: na 15 a tebur, sannan Tottenham ta ci su 1-0 a Bilbao, wasan ƙarshe na Europa. Ke nan bana, kakar 2025/26, babu su a wasannin Turai: babu su ran Talata, babu su ran Laraba, babu su ran Alhamis. Daren Alhamis ɗin da ake yi masu dariya da shi, ni shi ka biya mani kuɗin wata na dikoda.

Na kwashi adashe, dubu 450 ke hannuna. Ko dai in sayi talabijin ta biyu da dikoda in raba rumfar, in jawo 'yan Madrid da Barca da Arsenal, ko in haɗa sola in huta da sayen mai. Kuɗin ba su isa duka biyu. Saura kamar mako biyu a fara Firimiyar 2025/26. Wanda ya gwada ɗaya daga ciki shi gaya mani abin da ya gani, don Allah.

Gunner na Arkilla:
Ka sayar da benci shida ka ƙara jari, ragowar shidan sun ishi waɗanda suka rage a Man U 😂

Baban Khalifa:
Ku yi dariyarku. Amorim a Nuwamban 2024 ya zo a matsayin kocin Man U, tsakiyar kaka, ya tarar da tarkacen da Ten Hag ya tara, bai samu ko atisayen share fage da su ba. A 2025 an kawo masa Cunha daga Wolves, an kawo Mbeumo daga Brentford. Rashin zuwa Turai ma alheri ne, wasa ɗaya a mako. Chelsea ta Conte da ta ɗauki Firimiya a 2017 ba ta buga Turai ba a waccan kakar, kuma ita ma da 'yan baya uku ta yi wasa. Abin da ya rage kawai a nemo mana gola, don Onana ya sa hawan jinina ya ƙi sauka.

Abu Blues:
Ka daina haɗa Conte da wannan mutumin, Malam. Conte yana da Kante da Hazard da Diego Costa. Kai wa gare ka? Mu dai mun dawo da kofin duniya na ƙungiyoyi daga Amurka, PSG ɗin da ta zuba wa Inter biyar muka ba uku babu ko ɗaya.

Gunner na Arkilla:
Gyokeres yaron Amorim ne a Sporting, amma da ya tashi zuwa Ingila Arsenal ya nufa. Wanda ya fi kowa sanin kocin ke nan.

Baban Khalifa:
Na biyu, na biyu, na biyu, shekara uku a jere. Daga 2004 har 2025 ku 'yan Arsenal kuna jiran kofin Firimiya. Mu haɗu ran 17 ga Agustan 2025 a Old Trafford.

Ɗan Mabera:
Jama'a, talabijin ko sola?

Injiniya Nura:
Ɗan'uwa, ni sana'ata ke nan, bari in faɗa maka gaskiya. Dubu 450 ba za ta haɗa maka solar da za ta riƙe gidan kallo ba. Rana ba matsalarmu ba ce a Sakkwato, Allah ya hore mana ita. Matsalar ita ce wasannin da ke kawo kuɗi da dare ake yin su. Gasar Zakarun Turai ƙarfe takwas ake take wasa a Satumba, idan Turawa suka juya agogonsu a ƙarshen Oktoba ya koma tara. Ka ga ke nan batir ne zai yi aikin, ba faifan da ke bisa kwano ba. Batir mai ruwa na kirki guda dubu 280 ne yanzu, kuma biyu kake buƙata idan za ka kunna fankoki. Ba a yi maganar inbata da faifai da waya ba. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke rage wa batir kwana, ga ƙurar hunturu da sai kana goge faifan kullum. Ko ka ƙara kuɗi, ko ka bar maganar sai baɗi.

Sadiq Gawon Nama:
Injiniya 280 a ina? Watan jiya na sayi nawa 190 a Babbar Kasuwa, yana nan yana aiki lafiya lau.

Injiniya Nura:
Na 190 ka buɗe shi ka gani. An wanke tsoho an manna masa sabuwar takarda. Mu yi magana bayan bazara.

Sadiq Gawon Nama:
To ai kai mai sayarwa ne, dole ka ce na wani jabu ne. Ɗan Mabera, kar ka ɗauki shawarar wanda ke da riba a cikin maganar.

Injiniya Nura:
Cewa na yi kar ya saya fa. Wace riba na ci a nan?

Kawu Shehu Runjin Sambo:
Ɗana, saurara mani, ni na yi abin da kaka son yi. Wurina na 'yan Arsenal da Liverpool na, muna zaman lahiya, kowa ya san kowa, in anka ci mutum a yi mai tsiya shi biya ma mutane shayi a watse. Sai wasu samari sunka dame ni wai in riƙa sa La Liga. Na ci bashi na sawo ta biyu mai inci 65, na kafa ta ɗaya gefen, na sa labulen buhu a tsakiya. Gaskiya wata biyun farko na ga kuɗi. Amma mutanen da sunka zo ba irin nawa ba na. Ban san iyayensu ba, ban san unguwarsu ba, kuma rabinsu ba ƙwallo ta kawo su ba, caca ta. Ido guda bisa talabijin, ido guda bisa waya.

Ran 11 ga Mayun 2025 anka haɗa mani El Clasico, wasan Madrid da Barca, da wasan Liverpool da Arsenal rana guda. Rumfa ta cika har bakin hanya, ga zafi awa bakin tanda, fanka huɗu iska mai wuta kawai suka turawa. Kahin minti sha biyar Mbappe ya zuba biyu. 'Yan Madrid sunka hau bisa benci suna rawa, suna kaɗa ma 'yan Barca riga ga fuska. Na tashi na ba su haƙuri, ba wanda ya ji ni. Kahin a tahi hutun rabin lokaci Barca ta rama huɗu, Raphinha biyu. Al'adata in anka tahi hutu ina kashe sauti kowa shi tashi shi yi La'asar. Ran nan ba wanda ya tashi. Wani yaro ɗan kabu-kabu, ashe kuɗin mai mashin na mako guda ya zuba ma Madrid, wani ya ce mai kalma guda game da uwatai. Kwalbar lemu ya jefa, ta wuce wanda anka nufa ta sami sabuwar talabijin a tsakiya. Daga nan benci ya fara tashi sama. An fasa ma wani yaro ɗan makaranta kai, yaron da bai ce uffan ba, wasan Arsenal ma yaka jira.

Waɗanda sunka yi faɗan duk sun gudu. Ni anka kama, don ni ad da wuri. Na kwana a ofishin 'yan sanda, na biya ɗinkin yaron da magani, na je gidan ubansa da dattawa biyu muna ba da haƙuri. Mai unguwa ya kira ni, mai fili ya ce in kwashe kayana kahin ƙarshen wata. Shekarun da na yi ina gina wurin nan, yini guda ya cinye su. Har yau ina biyan bashin talabijin da ban ƙara kunnawa ba. Mbappe ya ci uku ran nan, an ce har ƙwallon anka ba shi ya tahi da ita gida. Ni ko buhun labulen ban samu ba.

Abu Blues:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Kawu.

Baban Khalifa:
Allah ya kiyaye gaba, Kawu. Mu a ranar West Ham ta ci mu 2-0 a gida, ko tari ba wanda ya yi a inda na kalla. Mun saba.

Malam Sani Madridista:
Allah ya ba da haƙuri, Kawu, amma a faɗi gaskiya, ba adalci ba ne a hukunta mu da wasan nan. Babu Carvajal, babu Militao, babu Rudiger, da wa za ka tare Yamal? Kuma Ancelotti zuciyarsa ta riga ta tafi Brazil. A 2025 koci Xabi Alonso ya zo, mutumin da ya ɗauki Bundesliga da Leverkusen a 2024 ba a ci shi ko sau ɗaya ba. Kofin Zakarun Turai 15 gare mu, a riƙa tunawa.

Yamal ɗan Dambuwa:
4-0 a Bernabeu, 5-2 a Jidda, 3-2 a Copa, 4-3 a gida. Duk huɗun marasa lafiya ne, Malam? Gara ku buɗe asibiti.

Sadiq Gawon Nama:
Kun gani ko? Mutum ya gama ba da labarin yadda aka rusa masa sana'a, kun dasa wani sabon faɗan a ƙarƙashinsa.

Maman Iman:
Ni bangon gidana ne jikin wani gidan kallo, don haka ina da ta cewa. Ƙanena, ka sa solar. Ƙarar janareta har sha ɗayan dare ta fi ihun cin ƙwallo damun mu, ihu na minti ɗaya ne, inji kuwa ba ya numfashi. Kuma don Allah ku daina barin yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu suna shiga. Nawa ya san sunan duk 'yan wasan Liverpool, amma a tambaye shi haddarsa ta Islamiyya sai ya fara sosa ƙeya.

Gunner na Arkilla:
Hajiya, da girmamawa, wannan maganar ta masu sana'ar ce. Ba ki taɓa shiga gidan kallo ba.

Maman Iman:
Ban shiga ba, shi ne yake shigo min ɗaki kowane dare. Kai kuma da ka fara ba shi shawarar sayar da benci, gidan kallo nawa ka taɓa riƙewa?

Kawu Shehu Runjin Sambo:
Hajiya ta fi ku gaskiya duka. Maƙwabta su ka rufe wuri, ba rashin 'yan kallo ba.

Alhaji Bello Tudun Wada:
Ni ina da guda biyu, kuma talabijin uku-uku ne a kowanne, ban taɓa ganin abin da Kawu ya gani ba. Sirrin shi ne ƙato biyu a bakin ƙofa, ba a shiga da kwalba, lemu a leda ko roba. Ɗan Mabera, ka yi lissafi: ƙungiyoyin Ingila shida ne a Gasar Zakarun Turai ta 2025/26, Liverpool, Arsenal, City, Chelsea, Newcastle da Tottenham, kuma a sabon tsarin kowacce wasa takwas za ta yi kafin a fara cire wasu. Da allo ɗaya za ka nuna wannan? 'Yan Man U ɗinka ma za su zo, ba abin da ya fi musu daɗi irin su zauna su ga an ci Arsenal. Talabijin ta hannu mai inci 55 ba ta wuce dubu 220. Ina karɓar 300, babban wasa 500.

Sadiq Gawon Nama:
220? Alhaji yaushe rabonka da kasuwa? An ce min 340 shekaranjiya, kuma da layi a gefen allon. Sannan 500 a Mabera? Wa zai ba ka? Mu 200 muke biya, wani ma sai ya ce a bi shi bashi.

Ɗan Mabera:
150 nika amsa, Alhaji. Da na ce 200 bayan cire tallafin mai a 2023, sai da anka yi mani yajin mako biyu.

Alhaji Bello Tudun Wada:
To ai ba sana'a kake ba, sadaka kake yi wa 'yan Man U.

Malam Usman Tsohon Gola:
Duk na karanta, abin da ya fi ba ni takaici daban ne. An fasa wa yaro kai saboda Madrid da Barcelona, garuruwan da ba wanda ya san hanyarsu a cikinmu. A cikin masu maganar nan wa zai kawo min sunan 'yan wasa uku na Sokoto United? Yaushe rabonku da filin wasa na Giginya? Kano Pillars ta ɗauki gasar ƙasar nan sau huɗu, 2008 da 2012 da 2013 da 2014, Ahmed Musa ya gama yawonsa na Rasha da Ingila da Saudiyya da Turkiyya ya dawo ya sa musu riga, filin Sani Abacha yana cika. Remo Stars ta ɗauka a 2025, ƙungiyar mutum ɗaya daga ƙaramin gari, Ikenne. Mu a 2025 muna rukuni na biyu, kuma ba mai jin kunya.

Yamal ɗan Dambuwa:
Baba, a nuna su a talabijin mana mu gani. Ba ma sanin ranar da suke wasa sai an gama.

Malam Usman Tsohon Gola:
Wasan da ake yi cikin garinku sai an sa maka a talabijin? Kuɗin Keke Napep ne kawai tsakaninka da filin. Yaran da nake koyarwa da yamma takalmi ɗaya mutum biyu ke karɓa-karɓa, akwai wanda in ya samu kulawa ba zai kasa Lookman ba. Masu kuɗinmu kuwa sai dai su saya wa 'ya'yansu rigar Mbappe.

Abu Blues:
Ba zai kasa Lookman ba? Wanda ya ci uku a wasan ƙarshe na Europa a 2024? Baba a yi a hankali.

Baban Khalifa:
In yaron gola ne a turo mana shi.

Malam Usman Tsohon Gola:
Ku zo fili ran Asabar da La'asar sakaliya ku gani da idonku, ku daina yi min musu daga kan benci. Kuma duk mai zuwa ya taho da ruwan leda ko jaka ɗaya ce, yaran da kuɗin aljihuna nake saya musu.