Gyaran ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska ko fita ruwa da shi yadda yake: abin da kowa ya gani

Mai tambaya, daga Legas: Assalamu alaikum. Na sayi tsohon ƙaramin jirgin ruwa na faiba (zaren gilashi da aka ƙandare da wani irin danƙo) mai tafiya da iska, kuma tun da aka ɗora shi a tudu, duk abin da na kwance sai na tarar da wani a ƙarƙashinsa yana neman gyara. Ina roƙon waɗanda suka taɓa shiga wannan hali su faɗa mini abin da suka gani: in kammala komai tukuna, ko in fara fita ruwa?

Wani dattijo, daga Fot Sudan: Wa alaikumus salam, ɗana. Nawa na katako ne, kuma katako ba ya son tudu. Idan ya daɗe a rana allunan sukan bushe su tsuke, tsagogin da ke tsakaninsu su buɗe, audugar da aka cusa ta saki, har ranar da aka mayar da shi ruwa ya riƙa sha ta ko'ina kafin katakon ya sake kumbura. Na ga jiragen da aka fitar don ƙaramin gyara suka ƙare a bakin gaɓa saboda jinkiri kawai. Abin da ba na sassautawa a kansa shi ne ɓangaren jikin jirgin da ke ƙarƙashin ruwa, domin a ruwan gishiri mai ɗumi irin na Bahar Maliya akwai tsutsar da ke huda katako ta ciki, waje yana nan sumul, sai ka danna tsinin wuƙa ka ji ya lume.

Wata 'yar'uwa, daga Ingila: Baba ya yi gaskiya game da katako, amma faiba ba ta lalacewa don an bar ta a tudu, saboda haka jarrabawar Malam ta fi girma, tunda babu abin da zai kore shi zuwa ruwa. A nan hunturu ne lokacin gyara, kuma na ga jirage da yawa da bazara ta zo ta wuce suna lulluɓe da tamfol. Ni na raba aikina gida biyu. Wayoyin ƙarfen da ke riƙe da sandar da ake ɗaura ƙyallen da iska ke turawa, waɗanda galibi ake sauyawa bayan shekara 10 zuwa 15, da famfunan shigar da ruwa da fitar da shi da suka huda jikin jirgi, da abin juya akala, da anka (ƙarfen da ake jefawa ruwa don tsayar da jirgi), waɗannan na gama su kafin in taɓa ruwa. Fenti da katifu da kabad na bar su. Bayan na fara fita ne na gane inda igiya ke cin hannu da inda ruwan sama ke ɗiga, abubuwan da tsayuwa a tudu ba ta taɓa nuna mini ba.

Wani ɗan'uwa, daga Yawuri: Hajiya, ina tare da ke, sai dai ina tsoron kada shawararki ta zama "fita kawai" a kunnen mutanenmu. Mu da ke bakin tafkin Kainji mun san yadda iskar farkon damina ke tasowa daga gabas ba sallama, kuma a nan ne ƙusar da ta yi tsatsa ke tona asirin mai jirgi. Ban taɓa yarda a tashi ba tare da rigar ruwa mai hana nutsewa ga kowane mutum da abin kwarfe ruwa ba, ko da tafiyar ba ta da nisa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na duba wayoyin, na ga tsatsa da silin da ya fara warwarewa a gindin guda, don haka su zan fara sauyawa, in sayi rigunan ruwa, sannan in gwada shi cikin lagun, wato tafkin Legas da ke haɗe da teku, kusa da gaɓa kafin damina ta kankama. Baba, a jirgin faiba ma akwai katako a ƙarƙashin gindin sandar. Gwajin wuƙar zai yi aiki a wurin?