Muhawara: Cybele sunan yanka ne ko laƙabi?

Malam Sani: Ra'ayina shi ne, uwar allolin da Rumawa suka bauta wa ba ta da sunan yanka. Cybele laƙabi ne. A tsofaffin rubuce-rubucen Firijiya, cikin Turkiyya ta yau, Matar ake ce mata, wato uwa. A wurare kaɗan ne aka ƙara Kubileya, siffar da ake dangantawa da dutse. Girkawa suka ɗauki siffar suka mai da ita suna, Rumawa suka gada.

Malama Hadiza: Malam, ka tsallake Kubaba. Ita ce abar bautar birnin Karkemish, a iyakar Turkiyya da Siriya ta yau, tun kafin Firijiyawa su fara rubutu. Herodotus, masanin tarihi Bagirke, ya ambaci ɗakin bautar Kybebe da aka ƙone a Sardis, babban birnin Lidiya, kuma Cybebe ɗin nan yana cikin Latin. Ka ga suna ne tsayayye.

Malam Sani: Cybebe daga Kubaba, ban musa ba. Amma ta yaya b ta biyu ta koma l? Sunaye biyu ne masu kama da juna, aka haɗe su daga baya.

Dakta Bello: Ku dubi karin waƙa, nan mai karatu ke tuntuɓe. Cybele gaɓa uku ne: gajeriya, gajeriya, doguwa. Cybebe kuwa gajeriya, doguwa, doguwa, daidai da rufin baiti mai ƙafa shida, wato karin dogayen waƙoƙin Latin. Shi ya sa mawaƙi Virgil ya rufe layi na 220 a littafi na 10 na Aeneid da alma Cybebe. Catullus ya yi amfani da duka biyun a waƙarsa ta 63. Wanda ya ja gaɓar tsakiya a Cybele ya karya karin. Don haka, Malama, zaɓin mawaƙin Latin ba hujja ba ne kan asali.

Malama Hadiza: Hujja ne kan yadda suka ɗauke shi, Dakta. Daga Cybele suka ƙera siffar Cybeleius: mawaƙi Ovid ya kira Attis, masoyin Cybele, da ita, ya kira linzamin zakunanta Cybeleia frena. A Latin ya riga ya zama suna mai haifar siffa.

Dakta Bello: Wannan gaskiya ne. Sauran laƙabanta dai nasabar wuri ce, kamar Bakaniya daga Kano. Dindymene daga dutsen Dindymus, Berecyntia daga Berecyntus, Idaea daga dutsen Ida. A kula, Ida biyu ne, na kusa da Taroya da na tsibirin Kirit, kuma ana yawan cakuɗa su. Na Taroya ne ya fi damun Rumawa, tunda daga can suke jingina asalinsu.

Malam Sani: To ga ta hukuma. An kawo baƙin dutsen da ke wakiltarta Rum a 204 kafin haihuwar Annabi Isa, aka buɗe ɗakinta a tudun Palatin a 191. Sunan da ake sassaƙawa a bagadai shi ne Mater Deum Magna Idaea, wato Babbar Uwar Alloli ta Ida, a taƙaice M.D.M.I. Bikinta na 4 ga Afrilu kuwa Megalesia, daga Megale na Girkanci, wato babba. Ina Cybele a nan?

Malama Hadiza: Babu, a bakin mawaƙa ya fi zama. Amma batun Kubaba ban saki ba, don Lidiya da Firijiya maƙwabta ne, kuma kamannin sunayen ya yi yawa a ce katari ne kawai.