Filtar IR a hoton Mushtari, tana da amfani kuwa?

Dan_Sabongari:
Salam 'yan uwa. Ina da teliskof mai madubi faɗin inci 6 da kyamarar ZWO ASI462MC, daren jiya na kwana a saman bene ina ɗaukar duniyar Mushtari (Jupiter) amma wallahi hoton sai rawa yake kamar kana kallon kwalta da tsakar rana, ko zanen jikinsa guda biyun nan da ƙyar suka fito. An ce min filtar IR (gilashin da ke barin hasken infrared, wanda ido ba ya gani, shi kaɗai ya shiga kyamara) na gyara wannan. Gaskiya ne? Kuma wacce zan saya, mai nanomita 685 ko 850 (tsawon zangon hasken da take fara bari ya wuce)?

Baba_Taurari:
Wa'alaikumus salam ɗana. Gaskiya ne, rawar iska ba ta cika damun hasken IR kamar yadda take damun shuɗi da kore ba, shi ya sa hoton ke nutsuwa. Amma fa akwai abin da za ka rasa, duk yadda lambar ta ƙaru kaifin da madubinka zai iya bayarwa raguwa yake, hasken ma ya ragu. Da inci 6 ka tsaya a 685. Kuma da zarar ka ɗaura ta sake saita fokas, ni ranar farko ban sake ba, bidiyo goma na ɗauka duk suka tashi a banza.

Ummu_Zara:
Yaya ni dai a lokacin hunturu na fi ganin amfaninta, in hazo ya rufe gari har wata ya koma ja-ja, da ita ramukan wata sukan fito tas har da inuwar gefensu. Kyamararka ma tana son IR sosai, a wajen 850 kamar baƙi da fari take komawa. Sai dai kala kam ka manta da ita, in kana son jan tabon nan na Mushtari da launinsa sai ka ɗauki wani bidiyon da filtar da ke tare hasken UV (ultraviolet) da IR, ka haɗa su daga baya.

Baba_Taurari:
Haka ne 'yata. Kuma kar bidiyon ya wuce minti biyu zuwa uku, Mushtari ƙasa da awa 10 yake juyawa, in ka daɗe zanen zai goge sai ka nemi WinJUPOS, manhajar da ke gyara tasirin juyawarsa a hoto. Mu nan Kano ma mun yi sa'a yana hawowa kusan tsakar ka, jira shi ya hau tukuna, kar ka ɗauke shi ta saman kwanon maƙwabta da ya sha rana.

Dan_Sabongari:
Ashe kwanon ne! Ta saman shagon mai gasa burodi nake hango shi Baba. Na gode, 685 ɗin zan yi oda, yau kuma zan koma ɗaya gefen benen in Allah ya so.